Littafin Kakana da Na Shanya a Rana

Na sha wuya a kan littafin nan. Sati shida ina zarya tsakanin Toranke da Gaya a kan tsohon mashin ɗina, a tsakiyar kaka, gyaɗata tana ƙasa tana neman tsira, ƙuguna yana ciwo kamar an sassara shi da gatari. Wannan duk wahalar jiki ce, a kwana a tashi ta wuce. Wadda ta fi ci mini rai ita ce kunya, don ni na ɓata littafin da hannuna, na kuma binne maganar shekara tara.

Littafin na kakana ne. Malami ne a zamaninsa. Shi ya tsara wata doguwar waƙar wa'azi, ya rubuta ta da ajami, da alƙalamin kara da tawadar da ya haɗa da kansa. Ba ɗinkakke ba ne irin na kanti. Warƙoƙi ne sittin da biyu a warware, ɗaya bisa ɗaya, a cikin tadarishi na fata, sannan a zura a gafaka. Sunansa aka sa mini, amma karatunsa bai biyo ni ba. Na yi allo har izu biyar, na yi firamare aji uku, gona ta ɗauke ni. Da mahaifina ya ji jikinsa ya ƙi, sai ya miƙo mini gafakar ya ce, "Amana ce." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Damina ta biyu bayan rasuwarsa aka yi marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Soron ɗakina ya yi yoyo daidai inda gafakar take rataye. Da na sauke ta na buɗe, warƙoƙin sun jiƙe, wasu har sun manne da juna.

To ni manomi ne. Abin da ya jiƙe, shanya shi ake yi. Haka muke yi da kuɓewa, haka muke yi da barkono da kuka. Da rana ta fito na shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, na jera warƙoƙin, na ɗora wa kowacce tsakuwa. Har ina jin daɗin dabarata. Aka kira azahar na tafi masallaci. Muna cikin salla na ji iska ta taso tana dukan kwanon masallacin.

Da na shigo gida, takardu ne ko'ina, a gindin murhu, a bakin rijiya, a jikin danga. Akuyarmu tana tsaye a kan tabarma tana tauna. Biyu na gani da idona sun shige bakinta. Biyu kuma iska ta tsallake katanga da su, na bi gonakin bayan gari har magariba ban same su ba. Hamsin da takwas na tsinto, a hargitse, ban san ta farko ba balle ta ƙarshe. Rana ta gasa su sun ƙandare, gefensu yana zagwanyewa. Ranar kasuwa na sayar da akuyar, na sayo salatif. Duk inda ya yage na liƙe. Gindin da ya zagwanye kuma na datse shi da almakashi don ya yi kyan gani. Na mayar cikin gafaka na rataye a wani ɗakin. Ko matata ban gaya wa adadin da ya ɓata ba.

Mutum ɗaya nake tsoro, goggona, ƙanwar mahaifina, autar kakana. Ta haura tamanin, tana zaune a gidan ɗanta a unguwarmu. Ba ta kiran sunana saboda sunan ubanta ne. Duk shekara idan na je gaisuwar Salla sai ta ce, "Mai sunan Malam, littafin yana nan?" In ce, "Yana nan, Goggo." In fito ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba.

Sai bana mai unguwa ya yi shela bayan sallar Juma'a. Ya ce ɗakin karatun da ke cikin Gaya zai yi baje kolin tsofaffin rubuce-rubucen gidaje, kuma an kawo masu gyaran irin waɗannan takardu daga Kano. Duk mai abin kakanni ya kai, a gyara masa, a nuna wa jama'a, a dawo masa da kayansa. Na sunkuyar da kai na fice. Kafin la'asar Goggo ta aiko a kira ni.

"Ka ji shelar?"

"Na ji, Goggo. Sai dai lokacin ne bai yi ba. Kin ga gyaɗa ta isa cira."

"Gyaɗar ce ta haifi ubanka? Gobe ka ɗauki littafin Malam ka kai. Ina so mutane su ga hannunsa kafin in mutu."

Na kai.

A wani ɗaki na bayan ɗakin karatun suke aikin. An saki labule a tagogi, ga dogon tebur an shimfiɗa masa farar takarda. Shugabarsu mace ce, ba za ta wuce arba'in ba, da tabarau, da farar riga a kan hijabinta. Malama kowa yake ce mata. Ta wanke hannu da sabulu, ta goge sosai, sannan ta zare tadarishin daga gafaka. Ta ɗaga warƙa ta farko, ta biyu, ta uku. Salatif ɗin nan ya koma ruwan goro, ya yi danƙo, ya ci cikin takardar. Ta ajiye warƙar ta dube ni.

"Malam, wa ya yi wannan aikin?"

Wallahi sai da zuciyata ta ce in ɗora wa mahaifina, tunda ba ya nan balle ya musa. Na ce, "Ni ne. Kuma ki daina ce mini Malam, ba ki ga aikin ba?"

Na ba ta labari duka, har da akuyar. Ba ta yi dariya ba, amma na ga wani abokin aikinta ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ta ce takardar da ta jiƙe a inuwa ake busar da ita, a hankali, tsakanin tsabtatattun ƙyallaye, rana maƙiyiyar tawada ce. Sannan ta ce, "Kada ka kashe kanka da baƙin ciki. Jiya wani ya kawo nasa daga Kademi, ya kai shago an yi masa lamineshan, an gasa masa leda a jiki, tun daga farko har ƙarshe. Wannan sai dai addu'a. Naka da sauran numfashi."

Ta ce in bar shi a wajensu. Na ce a'a, littafin nan bai taɓa kwana a wani gida ba. Ka ji fa, ni da na bar wa akuya shi, yau ni ne ban yarda da malamar jami'a ba. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta yanka kwali ta haɗa akwati daidai girmansa, ta ce a kwance zan ɗauke shi, kada in rataya, kada in ɗaure shi kusa da injin mashin. Sati biyu ina kai shi da safe ina dawowa da shi da yamma, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Daga baya na ga yadda suke kulle shi a kabad na ƙarfe, na haƙura na bar shi. Amma zuwan ban daina ba. Idan na tsaya a gona hankalina yana Gaya.

Da ta ga kullum ina zaune a benci ina kallon ta, sai ta ba ni aiki. Ni nake share warƙoƙi da wani buroshi mai laushi kamar gemun jariri, daga tsakiya zuwa gefe. Ni nake dama abin liƙinsu, wanda ba komai ba ne illa gasarar alkama, a dafa ta a kan wuta kaɗan kamar ana dama koko, a tace, a bar ta ta huce. Na ce, "Malama, da koko za ki liƙe littafin kakana?" Ta ce, "Kokon nan idan bayan shekara ɗari wani ya ga na yi kuskure, ɗan danshi kawai zai sa ya cire. Naka salatif ɗin fa?"

Cire salatif ɗin shi ne azaba. Wata 'yar wuƙa ce da ita marar kaifi, ta ɗumama ta, ta cusa ƙarƙashinsa, tana ɗagawa kaɗan kaɗan kamar mai cire ƙaya daga idon yaro. Warƙa ɗaya takan cinye wuni. Wani lokacin duk da haka sai ya taso da haruffa a jikinsa. Sai ta tsaya ta nuna mini, ba da faɗa ba, ta ce, "Ka ga, uku sun tafi." Ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Inda ya yage sai ta ɗora wata takarda siririya kamar ɓawon albasa, ta shafa gasarar, ta danne. Idan ya bushe sai ka kai ido kusa kafin ka gane.

Wata rana na roƙe ta, tunda ta iya ajami, ta ɗauki alƙalami ta maimaita haruffan da suka koɗe, ya fito kamar sabo. Ta ce, "Ni ba kakanka ba ce. Abin da ya rage nasa ne. In na ɗora hannuna a kai, ya zama nawa."

A sati na huɗu aka zo jerawa, a nan asirina ya ƙarasa tonuwa. Ashe marubutan da, tunda ba sa sa lamba, a gindin kowace warƙa suke rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Da wannan ake bin sawu. Ni kuma gindin nan shi na datse da almakashi don ya yi kyan gani. Arba'in da ɗaya sun tsira, ta jera su. Sha bakwai ba su da gindi. Ta karanta ta sake karantawa, ta ce wa'azi ne, yana fita daga maganar mutuwa ya shiga ta awo, ya fita ya shiga ta haƙƙin maƙwabci, kowacce za ta iya bin kowacce.

"Babu wanda ya haddace waƙar nan?"

Na ce babu.

Ƙarya na yi. Tun ina yaro nake jin Goggo tana rera ta idan tana aiki. Ba ta taɓa riƙe littafin ba, ba ta iya karatun ba ma. Daga bayan zaure ta ɗauke ta, tana yarinya, lokacin da Malam yake biya wa ɗalibansa.

Malama ta ce to shi ke nan, za ta ajiye sha bakwai ɗin gefe guda, ta rubuta cewa ba a san mazauninsu ba. Kwana biyu ina juya maganar. Na ga ashe bayan na ba akuya biyu, na ba iska biyu, zan kuma yar da sha bakwai, don kawai kada tsohuwa ta zage ni. Rana ta uku bayan la'asar na shiga wajen Goggo. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta ɗago ta ƙura mini ido. Can ta ce, "A rana?"

"A rana, Goggo."

"Kamar daddawa."

Ta gyara zama ta sake jefo tambaya.

"Ina akuyar?"

"Na sayar da ita tun a lokacin."

"Kai dai ba ka da rabo. Da ka yanka ta ka ci, ko wani abu ya shiga kanka. Ga shi ta tafi da ilimin da ya fi naka." Sai muryarta ta karye. Ta ja gefen mayafinta ta goge ido. "Shekara tara ina tambayarka, kana ce mini yana nan. Da na mutu bara fa? Ko bariya? Wa za ka tambaya?"



Ta ce in nemo mota, ita ba za ta hau wannan gwangwanin nawa ba.

Kwana uku muna kai ta Gaya. Malama ta sa aka shimfiɗa mata darduma, ita ma ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ita, tana ce mata Hajiya Baba. Goggo ta ce, "Ban je ba tukuna, 'yar nan, ki ce Goggo kamar yadda wannan mai shanyar yake cewa." Yadda suka yi shi ne, Malama ta karanta baitin ƙarshe na warƙa, Goggo ta lumshe ido ta ɗora daga nan, Malama kuma ta bi sha bakwai ɗin nan tana neman wadda ta fara da abin da ta ji. Idan ta samu sai ta ce, "Ga ta!" kamar yarinyar da ta tsinci kwabo. Wani wurin Malama ta karanta ba daidai ba saboda tawadar ta koɗe, Goggo ta ce, "A'a, Malam bai faɗi haka ba," a duba da madubin ƙara girma, a ga ita ce da gaskiya. Ni ina gefe ina miƙa ruwa. Masu aikin duk suka ajiye abin da suke yi suka zagaye su.

Rana ta biyu Goggo tana cikin rerawa, Malama ta duba ta sake dubawa, ta ce a hankali, "Goggo, nan babu."

Goggo ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "A takarda ne babu." Ta ci gaba.

Abin da na bi gonaki ina nema har magariba, ga shi yana fitowa daga bakin tsohuwar da nake wucewa ta ƙofar gidanta kullum.

Malama ta ɗauko waya za ta naɗi muryar, Goggo ta ce sam, muryarta ba za ta yi yawo a aljihun maza ba. Sai ta ɗauko sabon littafin rubutu tana bin ta da biro. Biyu daga cikin huɗun suka fito cif. Sauran biyun kuwa suka ƙi. Ta kama baiti uku, ta tsaya, ta koma baya, ta sake tahowa, ta sake cijewa a wuri ɗaya. Ta fusata ta ce ba a nan suke zuwa ba, da sassafe suke zuwa, idan tana kaɗi hannunta yana aiki, kuma ba kullum ba. Malama ta ce kada a matsa mata. A mazaunin huɗun nan ta sa fararen takardu huɗu, babu ko ɗigo a jikinsu. Abin da ta rubuta daga bakin Goggo kuma ta bar shi a littafinsa daban, ta miƙo mini, ta ce, "Mu da an buɗe baje kolin da kwana biyu za mu koma Kano. Ragowar yana hannunka."

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Mutanen Gafasa sun zo, na Kademi sun zo, ga malamai, ga ma'aikatan ƙaramar hukuma. Akwatunan gilashi ne a jere, kowane littafi an yi masa matashi na kwali daidai yadda zai kwanta ba tare da ya lanƙwashe ba. A kusurwar kowane akwati akwai wani ɗan agogo mai auna danshi. Hasken ɗakin kaɗan ne, har na ce wa Malama ko wuta ce ba ta da ƙarfi. Ta ce da gangan ne, kuma duk bayan kwana uku za a canja warƙar da ke sama don kada haske ya dame ta. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ya sha rana ta ishe shi." A nan ne kawai ta taɓa tsokanata, kuma na ji daɗi.

Abin da nake fargaba shi ne 'yar takardar bayanin da ake ajiyewa a gefe. Na matsa na haɗa haruffan bokon da ƙyar. Ta rubuta wanda ya tsara waƙar da garinsa. Ta rubuta cewa jikansa ne yake riƙe da ita, warƙa huɗu sun ɓata, kuma an jera sauran daga bakin 'yarsa. Babu rana, babu almakashi, babu akuya. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini.

Sai dai rufin bai daɗe ba. Goggo ta sa an ajiye mata kujera a gefen akwatin, duk wanda ya sunkuya yana kallo sai ta ce, "Hannun ubana ne. Wancan mai hular, shi ya shanya shi, akuya ta ci." Kafin azahar babu wanda bai sani ba. Wani dattijo daga Gafasa ya kama hannuna yana dariya har da hawaye, sannan ya rage murya ya ce shi ma nasa yana gida cikin buhun taki, gara ta fara taɓa shi, kunya ce ta hana shi kawowa. Na kai shi wajen Malama da kaina.

Da mutane suka ragu na ga Goggo ta miƙe ta dafa gilashin da tafin hannunta. An hana taɓawa, amma babu wanda ya yi mata magana. Idonta ba ya ganin haruffan, na sani. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce in kai ta gida, ta gaji.

Muna cikin mota, mun kusa Toranke, ta juyo. Ta ce, "Mai sunan Malam."

"Na'am, Goggo."

"Na yafe maka na takarda. Amma biyun nan da suka rage, ba zan shiga kabari da su ba. Kai ka ɓatar, kai za ka ɗauka. Kuma ba a littafin 'yar nan kawai ba, a kanka."

Na ce, "Goggo, kaina ya tsufa. Na haura hamsin."

"Nawa yaro ne?"

Washegari ina fitowa daga sallar asuba ban koma gida ba, na wuce wajenta da littafin rubutun a aljihu. Na tarar ta riga ta fito da mazari da audugarta. Na cire takalmi na zauna a ƙasa a gabanta. Ta ce in ajiye biron tukuna. Ta murza mazarin, ta shiga kaɗi. Can baiti ya zo, ta rera, na maimaita. Sau huɗu ina karkacewa tana mayar da ni. Kafin rana ta hau katanga na riƙe baiti biyu, sannan ta yarda na rubuta su.